Dogo Mai Goge Silin Jirgi

"Wanda zai sauka yanzu, an ce sun sha gargada a sama."

"Wace iri? Ta zubar da shayi, ko ta asibiti?"

"Ta asibiti. Ba ki ga motar can ta zo ta tsaya ba, ƙofarta a buɗe?"

"Allah ya kyauta. To ai sai a kira Dogo."

"Tun ɗazu aka kira shi. Ga shi can tafe, kamar ba shi ake jira ba."

"Ni kam da ma ina son in tambaye ka. Wai da gaske 'yarsa ce za ta fara tashi da su? 'Yar siririyar nan da ke kawo masa abinci a da?"

"Ita fa. Ta gama koyo, an ɗinka mata kaya, saura ta hau. Amma ta ce ƙafarta ba za ta taka matakala ba sai ubanta ya ce je ki."

"To ya ce mana."

"Dogo? Ki ce masa gidansa na cin wuta, 'to' zai ce miki. Ita kuma ta ce 'to' ba amsa ba ce."

"Yi shiru, ya iso."

Dogo ya ji su sarai, kunnensa lafiya ƙalau yake. Ya wuce ta gaban motar masu shara inda suke zaune a inuwa, bokiti a hannu, tsummoki a kafaɗa. Suka ce sannu da zuwa, ya ce yauwa. Maganar ba ta yi masa zafi ba. Gaskiya suka faɗa. Ranar Litinin mai zuwa 'yarsa Auta za ta yi tashinta na farko a matsayin ma'aikaciyar jirgi, in ya buɗe baki. In bai buɗe ba, za ta mayar wa kamfani da kayansu, a ba wata gurbinta. Ya san haka kamar yadda ya san lambar takalminsa, kuma nauyinsu ɗaya a zuciyarsa.

Asalinsa mai fenti ne. Tun yana saurayi ake nemansa a ɗakunan da tsani ke wahalar shiga, don shi gwangwanin fenti ɗaya zai taka ya kai silin. Da warin fenti ya fara cin ƙirjinsa, matarsa ta kafa masa ƙahon zuƙa har ya bari, wani maƙwabci ya kai shi kamfanin da ke share jirage. Aka sa shi a gareji, wata ƙatuwar rumfar ƙarfe can ƙarshen fili, inda ake jan jirgi a kwance masa kujeru a wanke shi ciki da bai. Aikin gareji na sannu ne, ba mai korar wani. Masu sharar gaggawa, waɗanda ke afka wa jirgi da zarar fasinja sun fita su gama kafin wasu su shiga, ƙungiyarsu dabam. Dogo ba ya cikinsu. Ba a kiransa bakin kwalta sai an ɗaga kai an ga abin da hannun kowa ba zai kai ba. Sai oba-oba, rediyon hannun da ake kira da shi, ta yi ƙara a gareji, muryar Shugaba, mai kula da masu shara, ta ce, "An yi gargada, a turo Dogo." Haka ake yi tun gashinsa yana baƙi.

Matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da tasu kalmar ta Turanci, doguwa mai tuntuɓe, wadda harshen masu shara ya gwada ya gaji ya ajiye. Su gargada suke cewa, irin ta hanyar mota. Shugaba, da yake ya ɗan taɓa boko, ya taɓa zaunar da su don ya gyara musu. Ya ce babu hanya a sama balle rami. Iska ce mai gudu take cin karo da wadda ba ta gudu, ko mai zafi da mai sanyi, su cakuɗe su yi ta juyi, kamar ruwan kwata idan ya tarar da dutse a gabansa. Jirgi kuwa in ya shiga wurin dole ya yi rawa. Suka ce sun gode da ilimi, suka ci gaba da gargadarsu. Har gida kalmar ta bi su. Wadda suka kwana suna faɗa da miji, da safe sai ta ce an ɗan taɓa gargada. Wanda hawan jini ya kwantar, a ce yana cikin gargada, a sa shi a addu'a. In kuwa Shugaba ya shigo fuska a murtuke, sai ka ji ana raɗa, "Kowa ya ɗaura bel."

Dogo ba ya sa baki a wannan wasan. A wurinsa gargada abu ce mai launi da wari, wadda ake cirewa da tsumma. Ya san kofi ya fi shayi taurin kai in ya bushe. Ya san madara in ta shige tsakanin allunan silin, sai an kwana biyu take fara ba da labarin kanta. Ya ciro ƙwayar shinkafa daga ramin fitila, ya kankare miya daga murfin ma'ajiyar kaya, ya taɓa goge shatin jan baki, leɓe biyu cif, a wurin da ko shi sai ya yi ɗage. Ya shiga jirage fiye da manyan attajirai, amma bai taɓa yin nisa da ƙasa fiye da tsawon matakala ba. Jirgin da ya sani ba ya motsi. Tsaye yake, injinsa a kashe, yana wari, an yi ɓarna a cikinsa an gudu. Daga nan ya gina saninsa na sama. Ya yanke cewa wuri ne da ake ɗaga mutane a buga da silin, wanda ya sauka lafiya sauran kwana gare shi.

Jirgin ya zo ya tsaya, aka jingina masa matakala. Ƙa'idar masu shara ita ce su tsaya gefe, ido a ƙasa, har fasinja na ƙarshe ya wuce, saboda haka Dogo ƙafafu kawai ya gani. Wasu na sauri, wasu na rawa. Wata tsohuwa ta sauko ta durƙusa ta dafa kwalta da tafin hannu biyu, sai da aka ɗaga ta. Can sai ƙafafun ma'aikatan asibiti, suna saukowa da baya-baya. A nan ya ɗaga ido. Yarinya ce a kan gadon ɗauka, an sa mata abin tallafe wuya, takalmi ɗaya a ƙafa. Shuɗin kaya, ɗankwali mai ratsin ja a ajiye a kan ƙirjinta. Irinsu sak suna rataye a bayan ƙofar ɗakin Auta.

Ya hau. Daga gaba abin da sauƙi, shayi ne da ruwan lemo. Yana yin baya abin yana ƙaruwa, don wutsiya ta fi shan rawa. A wurin ajiye abinci keken rabon abinci ya kife, faranti ko'ina. Sama da shi allon silin ya tsage, tsagar ta riƙe 'yan gashi, da jini ba mai yawa ba, kamar a cika cokali.

Ya sa safar hannu. Jini da ruwan sanyi ake fara shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Daga gefe ake gogowa zuwa tsakiya, kar tabo ya yi faɗi. Ya zare gashin ɗaya bayan ɗaya ya sa a leda mai ruwan ɗorawa, ya ɗaure bakinta. Yana yi yana jiran wani abu ya motsa masa a ciki, kamar mai jiran mota a hanyar da aka daina bi. Abin da ya motsa kafaɗarsa ce ta dama. Ya miƙa hannu can cikin lungu, ta ce ƙas, zafi ya sauko har gwiwar hannu. Ya ƙarasa da hagu.

Ba haka aka haife shi ba. A da mutum ne mai dariya, irin wadda ke sa maƙwabta leƙowa. Matarsa ce ta kwanta, ciwo mai cin mutum a hankali, tana ramewa yana zaune a gefen gado yana jiƙa mata leɓe da auduga. Ranar da ta cika bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya nuna wa baƙi inda ruwa yake, ya mayar wa maƙwabta kujerunsu. Mutane suka ce wannan bawan Allah akwai tawakkali. Shi ya san ba tawakkali ba ne. Ya taɓa zuwa cire haƙori, aka yi masa allura, yana jin ana taɓawa, yana jin ana ja, har ƙarar ɓallewa ya ji, amma zafi babu. Likitan ya ce zuwa yamma za ta sake shi. Wannan allura ta biyun, ta mutuwar matarsa, yamma ta yi, shekaru suka bi bayanta, ba ta sake shi ba. Yayyen Auta maza suka yi aure suka tashi, ya ce to. Aka rushe katangar bayan gida aka yi shaguna, ya ce to. Auta ta bar shagon ɗinki inda take sa maɓalli, ta ce ta ga ana neman ma'aikatan jirgi, ya ce to. Ta ci jarrabawa, to. Ta yi watanni tana koyo a ƙasa, cikin wani jirgi na kwaikwayo da ba ya tashi, to.

Da ya koma gida rana ba ta faɗi ba. Ya tarar da ita a falo ta shimfiɗa bargo a kan tebur tana guga, kayan nan dai shuɗi, waɗanda ba a taɓa sawa ba balle su yamutse.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, Auta."

"Me ya sami hannun?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ka cire takalmi da hagu?" Ta ajiye dutsen guga, ta zuba masa shayi, ta tura masa burodi. Ta bari ya kurɓa. "Na ji labarin jirgin yau. Duk an turo mana a waya."

"To."

"Baba, Litinin fa ta kusa."

"To."

"Ga ta nan kuma! Wallahi ko cewa na yi zan auri mahaukacin bakin kasuwa, to za ka ce, ka tambaye ni ko yana da wurin zama." Ta yi 'yar dariya, ta ga ita kaɗai ke yi, ta bari. "Da Mama na nan, da ta zage ni tas, ta yi kwana biyu ba ta kula ni, sannan ta tashi da sassafe ta haɗa mini jaka. Ko ta ce ba inda za ni, in yi kukana in haƙura. Ko wanne ne, na san da mutum nake magana."

Ya dubi kofin. Ya ce, "Na ga yarinya yau. Da irin kayan nan."

"Na san ta. Ta riga mu shiga aikin." Ta jawo kujera ta zauna kusa da gwiwarsa. "Baba, an koya mana. Hawa-hawa ce. Akwai wadda shayi zai ɗan yi rawa a kofi, shi ke nan. Akwai wadda zai zube. Akwai wadda kofin da kansa zai tashi. Ta ƙarshen nan, malamarmu ta ce mutum zai iya tsufa a aikin bai gamu da ita ba sai jefi-jefi."

"Ni ita kaɗai na sani."

"Ba kullum ba ne."

"Duk wanda na shiga haka yake, Auta. Ni ba a littafi na gani ba."

Ba a yi wa uba gardama a kan abin da ya goge da hannunsa.

"To ka ce kar in je," in ji ta a hankali. "Na rantse ba zan riƙe ka a zuci ba. In kai musu kayansu, in koma wurin maɓallaina. Ko ka ce je ki, Allah ya tsare. Na kira su Yaya, duk sun ce abin da Baba ya ce. Baba kuwa bai ce komai ba. Ni ba zan hau sama da 'to' ba."

Ya gwada. Ya ɗauko "kar ki je" ya auna, ya ga Auta a bakin keken ɗinki shekara da shekaru, ta dawo da yamma su zauna su biyu a falon nan suna sauraren agogo, har ta koyi shiru irin nasa. Ya ɗauko "je ki" ya auna, ya ji oba-oba ta yi ƙara a gareji wata rana, ya ɗauki bokiti, ya hau, ya ɗaga kai. Duka biyun ya gan su tar, kamar a talabijin ɗin shagon wani, ta bayan gilashi. Ba wanda ya fi wani nauyi.

"Shayin ya yi sanyi," in ji shi.

Ta ɗauki kofin ta shiga kicin. Ya daɗe yana jin famfo na zuba, fiye da abin da wanke kofi ɗaya ke bukata.

Washegari hannun ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa. Shugaba ya dube shi ya ce mai silin da ba ya ɗaga hannu ai sai shara, ya haɗa shi da masu sharar gaggawa, ƙungiyar Aku, har ya warke. Aku mace ce gajera mai faɗi, ta girme shi a aikin, bakinta ba ya hutawa sai tana tauna, nan ma ba sosai ba.

"Lale marhabin da manyan baƙi! Yau gareji ya tuna da talakawa. To ka ji, nan ba a tafiyar hawainiya. Kai ne aljihun kujera. Ka zura hannu, ka kwaso, ka jefa a leda, ka gicciye bel, ka wuce. In ka tarar da cingam kar ka tsaya yi masa ta'aziyya."

Jirgin farko ya sauke mutanensa, suka ruga ciki. Dogo na shiga ya yi abin da wuyansa ya saba, ya ɗaga kai. Fari fat. Ya bi shi da ido har wutsiya, ko ɗigo. Ya ce a ransa wannan bai yi nisa ba ne. Ya kwashe ɓawon lemo, da takardun alewa, da safar jariri ƙafa ɗaya.

Na biyu ma haka. Na uku babba ne, barguna a yamutse ko'ina, warin barcin mutane da yawa. Ya ɗaga kai. Ya miƙa hannun hagu ya shafa allon, ya duba yatsunsa.

"Aku, wannan daga gareji aka fito da shi?"

"Wane gareji? Daga bangon duniya yake, kwana suka yi a sama. Ba ka ga bargunan ba?"

"Wa ya goge silin ɗin?"

"Wa zai goge? Me aka zuba?" Ta kashe injin shara, ta riƙe ƙugu, ta kalle shi daga ƙasa har sama, tafiya ce mai nisa. "Tsaya tukuna. Kai duk shekarun nan zato kake kowane jirgi da miya a ka yake sauka? Jama'a ku zo ku ji! Dogo da hankali dace ne, wallahi. Mai faci ya ɗauka duk tayar duniya a huje take! Bawan Allah, mu nan sai mu yi wata muna shiga muna fita ba mu ga komai a sama ba. In mun ga abu, shi ne muke cewa a kira ka. Kai namu na ranar tsiya ne."

Aka yi dariya, har mai wanke banɗaki ya leƙo ya tambayi me aka ce. Dogo ya koma aljihunansa. A wani layi, ta wajen taga, a ƙasa jikin ƙafar kujera, ya ga kofin takarda da wani ya ajiye ya manta. Shayi ne rabi, ya yi sanyi, ya yi 'yar fata a sama. A tsaye yake. Ya ƙetare teku ko hamada ko ma me ke can, ya sauko tare da jirgin, bai zube ba. Dogo ya tsuguna yana kallonsa har Aku ta ce in sha zai yi a kawo masa burodi.

Bai ji daɗi ba, bai ji kunya ba. Abin ya shigo kansa ya tsaya daga bakin ƙofa, kamar baƙon da ba a san ɗakin da za a sauke shi ba. Ya yi ta shiga jirage masu farin silin, tun yana ɗaga kai har wuyansa ya fara mantawa. Amma fari komai yawansa bai rufe tsagar nan ba. Gashin da ya zare na mutum ne. A gida Auta ta daina tambaya. Tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci. Kayan kuma ta ninke su cikin ledarsu, ta ɗora a kan kujerar da ke kusa da ƙofar fita.

Ranar Asabar da hantsi suka shiga wani jirgi, ya nufi baya da ledarsa, sai ya tarar ba kowa ne ya fita ba. A layin ƙarshe wata mata ce zaune cikin shuɗin kaya, ta tuɓe takalma tana matsa tafin ƙafa. Uwar Jirgi masu shara suke ce mata a bayan idonta. Ita ce babba a ma'aikatan ciki, ita ke koyar da sababbi, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Tsakanin masu shara da ma'aikatan jirgi gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaitsaye.

"Sannu da sauka, ranki ya daɗe. Bari in dawo."

"Yi aikinka, Malam, ƙafata ce ta ƙi tashi." Ta dube shi, ta sake dubawa. "Kai ne mai silin. Kai ne baban 'yar siririyar nan tawa mai tsiwa. Tsawon kawai ta bar maka, amma goshin naka ne."

"Ni ne."

Ya zura hannu a aljihun kujera. Babu komai a ciki, ya bar hannun a can.

"Ranki ya daɗe, yarinyar nan ta rannan, wadda aka sauko da ita a gado."

"Ina cikin jirgin ai. Ƙashin kafaɗa ne, sai ɗinki a ka. Jiya na je duba ta, na tarar tana masifa wai an aske mata gashi ba a tambaye ta ba. Har ta fara tambayar wa aka sa a gurbinta."

"Dawowa za ta yi?"

"Me zai hana?"

Ya juya wannan a kansa. Ya ce, "Ya aka yi ita kaɗai?"

Uwar Jirgi ta saki ƙafar. "Matuƙi ya san za a shiga, ya kunna fitilar bel, ya ce kowa ya zauna, har mu. Muka zauna muka ɗaura. Jirgi cike da mutane, ka ga ai da ƙafarsu suka sauka, tsoro ne kawai da shayi a riga. Sai birkin keken abinci ya saki, ya fara gangarawa. Ta kwance bel ta tashi za ta tare. Na ce mata zauna, bar shi. Amma mu an horar da mu magana ƙasa-ƙasa a gaban fasinja, kar a firgita su. Kafin in sake faɗa, jirgin ya yi ƙasa ya bar ta a sama." Ta girgiza kai. "Wanda ya zauna ya ɗaura, da wuya ka ji wani abu ya same shi. Masu tashi tare abu su nake tsoro. Kuma su suka fi iya aikin, abin haushin ke nan."

Dogo ya tsaya. Wani abu ya zo masa wanda ya daɗe bai zo ba. Auta tana ƙarama, ba ta daɗe da shiga makaranta ba, butar shayi ta zame daga kan risho, kowa ya ja da baya, ita ta kai hannu biyu ta cafe. Uwarta na daga bakin ƙofa ta kurma ihu, "Sake ta!" Sai a lokacin ta saki. Har yau tafin hannunta na dama yana da santsi a wurin, ba zane. Shi ya ɗauke ta a wuya ya yi gudu da ita zuwa kemis, tana kuka tana ce masa ai ba ta bari ta zube ba. Ya tuna nauyinta. Wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari, ɗan kaɗan, har ya zaci ciwon kafaɗar ne ya sauko.

"Ta kira ni jiya," in ji Uwar Jirgi, tana laluben takalmi da ƙafa. "Ta ce ba lallai in gan ta ranar Litinin ba. Na ce me ya faru, ta ce maganar gida ce. A jirgina aka sa ta, kuma ba na son in ba wata wurin. Amma in ba ta zo ba, dole."

"Za ta zo."

Ya ji maganar ta fito kamar daga bakin wani. Ya jira ya ga ko zai janye ta. Bai janye ba.

"In na koma zan faɗa mata da bakina."

Daga gaba Aku ta ɗaga murya. "Dogo! Aljihu ne ko rijiya? Mutane na bakin ƙofa!"

Uwar Jirgi ta sa takalma ta miƙe, ta jawo jakarta. Hanyar ƙunci ce, sai ya matsa za ta wuce. Bai matsa ba. Ya sunkuyo, don kansa na gogar ma'ajiyar kaya, ya riƙe ledar shara da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya. Yarinyar nan ba ta jin magana a hankali, tun tana ƙarama. In fitilar nan ta kama kika ga ta kai hannu ga bel, kar ki ji kunyar fasinja, kar ki tsaya lallashi. Don Allah ki daka mata tsawa."